Taragun da Na Ce wa Surukina Sun Yi Kyau

Shekara shida na yi gida ɗaya da surukina a unguwar Shumaisi ta Riyad, kuma a cikin shekarun nan ban taɓa kai loma bakina a gabansa ba. Duk Bahaushen da na ba wannan labari sai ya yi dariya, ya ce wa ya aike ni haɗa rufi da uban matata. Ba wanda ya aike ni. Shi ya samo mini bizar aiki bayan na auri 'yarsa da shekara biyu, na sauka Riyad ban san kowa ba sai shi. Gidan da yake haya ciki biyu ne da ɗan falo, da kicin ɗin da mutum biyu ba sa iya juyawa a cikinsa. Aka ce in zauna kafin in samu wuri, kafin ɗin nan ne ya miƙe ƙafa har shekara shida.

Zaman namu ya tsara kansa ba tare da mun taɓa zama mun tattauna shi ba. In na dafa, sai in zuba masa a kula in ajiye a bakin falo, in shige ɗaki da nawa in tura ƙofa. Da safe in durƙusa daga nesa in gaishe shi, idona a kan tabarma. Ina ce masa Baba, shi kuma yana ce mini Malam, ni da karatuna bai wuce izu biyar ba. Matata tana Gusau da yaranmu, kuma da yake 'yar fari ce, bai taɓa kama sunanta ba. Sai dai ya ce, "Mutanen gidan naka suna lafiya?" kamar ba shi ya haife ta ba.

Ni direba ne a wani kamfanin kayan gini, ina kai tayil da siminti wuraren aiki. Shi kuma yana wani shago a unguwar Malaz inda ake ƙera ƙananan gine-gine na roba, irin waɗanda masu sayar da gidaje ke sakawa cikin akwatin gilashi don mai saye ya ga yadda unguwa za ta kasance tun ba a haƙa tushe ba. Kafin Saudiyya ma'aikacin reluwe ne, mai duba taragu, a Ƙaura Namoda sannan a Zariya, har jiragen suka ja baya aka sallame su. Bai cika ba da labarin wancan zamanin ba. Abin da yake yi shi ne, ran Juma'a in an sauko daga masallaci an ci abinci, ya shimfiɗa tsohuwar jarida a kan ɗan teburin da ke bakin taga, ya fito da ragowar robar da mudir ɗinsu, wato manajan shagon, ya yarje masa ya kwasa, ya zauna ƙera taragun jirgin ƙasa har a kira magariba.

Kowane tarago tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Da rula ta ƙarfe da reza yake yanka bangon, ya ja layukan katako ɗaya bayan ɗaya da bayan rezar don kada ta huda. Kawunan ƙusoshi kuwa da allurar ɗinki yake fito da su, wadda ya dakusar da bakinta a kan dutse. Sai ya kifa robar ya danna ta baya, ɗan ƙullutu ya taso ta gaba, bai kai ƙwayar gero ba. Ya san inda kowace ƙusa take zama, kuma ba a littafi ya gani ba. Mariƙin ƙofa da sandar birki da waya yake lanƙwasa su, yana riƙe da matsefata. Ƙafafun ƙarfe kaɗai yake saye, wani abokin aikinsa ɗan Filifin ke yi masa odarsu. Akwai taragon gyaɗa mai rufi, akwai na kwal mai buɗaɗɗen baki, akwai tankin mai, akwai na shanu mai tsaga-tsaga a jiki. Bai taɓa sa mutum ko dabba a ciki ba, ya ce ba zai ƙera abin da za a ce masa ya hura masa rai gobe kiyama ba. Amma in ka leƙa taragon shanun nan da ya bari wayam, za ka rantse yanzu aka sauke su, don kashinsu ya bi ta tsakanin katakai ya bushe, kuma inda suke goga jiki ya yi santsi.

Ranar farko da na ga abin da yake yi wa tarago bayan ya gama ƙera shi, saura kaɗan in manta suruki ne in riƙe masa hannu. Ga abu ya fito tsaf, an yi masa fenti, an rubuta masa lamba, sai na ga tsohon ya tsoma buroshi a wani ƙazamin ruwa mai kalar dagwalo ya shafe shi da shi. Na ce a raina, shi ke nan, zafin Riyad ya taɓa Baba. Ashe nan ne aikin yake farawa. Shi yana kiran abin ba wa tarago shekarunsa. Yana da kwalba da yake jiƙa soson ƙarfe a ruwan kal har ya narke ya zama tsatsa ta gaske. Yana da allin zane kala-kala da yake kankarewa ya zama gari. Yana da gwangwanin madara cike da jar ƙasar Ƙaura da ya taho da ita wani hutu, yana tankaɗe ta da rariyar shayi, don ya ce ƙasar Riyad ta yi fari, ba ta taɓa hawa taragonmu ba.

A wurin nan ne muka samu bakin magana. Wata Juma'a ya ce in riƙe masa tarago ya ɗaura ƙugiya, na matso na durƙusa na riƙe, daga nan ban sake tashi ba. Abin ya zo mana da sauƙi, don shi yana kallon taragon, ni ma ina kallonsa, ba wanda zai haɗa ido da wani.

"Tsatsa ba mahaukaciya ba ce, Malam," haka yake cewa. "Ruwa take bi. Ka duba inda ruwan sama zai taru, ka duba inda zai gangaro, nan za ka sa ta. Ƙura daga ƙasa take tasowa, hayaƙi daga sama yake sauka. Nan kuma wajen mariƙi, hannun 'yan dako ya cinye fentin, ba datti a wurin, sai sheƙi."

Sai ya shafa, ya ɗauki auduga ya goge kusan duka. Abin da ya ƙi fita, ya maƙale a lungu da gindin ƙusa, shi ne abin da ake nema. Ya kan ce in mutum ya ga tsatsar kafin ya ga taragon, to an ɓata aiki. Tarago ɗaya yana cin Juma'a biyar ko shida. In ya gama sai ya ɗora shi a tafin hannu, ya miƙo wajen hasken taga, ya ce, "Malam, ya ka gani?" Ni kuma in ce, "Ya yi kyau, Baba." Sai ya tashi ya ajiye shi a kanta, kusa da wanda ya gabace shi, don a jere yake ajiye su yadda aka haife su. Shekara huɗu da wani abu muna haka, kuma duk wannan lokacin gaskiya nake faɗa.

Wanda ya fara ɓaci taragon shanu ne, na uku da ya yi irinsa. Na tuna ranar don an yi ruwa a Riyad, titin gidanmu ya cika, yaran maƙwabta suna ta ihu da Larabci a ciki. Ya shafa tsatsa a jikin ƙarafan, ya goge, ya kalla, ya sake shafawa. Ya sake kallo, ya sake ƙarawa. Na ga wurin da ya kamata ya zama ɗan zirin ja ya zama dabbare kamar an zubar da manja. Ya ɗora a tafin hannu ya miƙo.

"Malam, ya ka gani?"

Na ga abin da na gani. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma shi da kansa ya koya wa idona wannan kimar. Amma mutumin da ya ba ni 'yarsa, ya samo mini aiki, ya ba ni ɗaki, zan buɗe baki in ce masa aikinsa ya ɓaci? Na ce a raina wataƙila hadari ne ya rage hasken taga. Na ce, "Ya yi kyau, Baba."

Na gaba ya fi shi muni. Taragon gyaɗa ne, jar ƙasar da ya saba busawa a gindinsa kaɗai ta hau har rufi. Na bayansa kuma lambar da ya rubuta ta karkace, ta hau kan ƙofa. Sai na fara lura da wasu abubuwa da da ban kula da su ba. Kafaɗarsa ta hagu tana dukan ƙyauren banɗaki in zai shiga. Na ga shayi a kan tire kusa da kofi, ba sau ɗaya ba. Wata rana muna tafiya masallaci wani ya miƙo masa hannu ta gefe, ya wuce abinsa, mutumin ya bi shi da kallo yana mamaki, don Baba ba mai wulaƙanta gaisuwa ba ne. Na haɗa wannan da wancan, na san idon Baba yana tafiya. Ba zan ɓoye a bayan cewa ban gane ba, don na gane tun tarago na uku.

Masu cewa da su ne da sun faɗa, ina jin su. Yawancinsu ko gaisawa da surukansu a waya sai sun yi gumi. A wurinmu ba a ce wa babba jikinsa ya gaza, balle suruki. Kuma akwai wani abu da ke ƙarƙashin wannan: idon nan shi ne aikinsa, aikin shi ne ikamarsa, takardar da ke ba shi izinin zama a ƙasar. In na ce masa ba ya gani, kamar na ce masa ya tattara ya koma gida ne, ni da na zo na tarar da shi. Na riƙa ce wa kaina tsufa ne, tabarau kawai yake buƙata, zai gane da kansa. An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, na san karin maganar sarai, na kuma faɗa wa wasu ita. Da ta zo kaina sai na kasa.

Sai na bi ta bayan gida, yadda muka iya. Na je kasuwar Bataha na sayo fitilar tebur mai haske kamar rana, na ajiye masa ban ce komai ba. Ya yi godiya, ya sa mini albarka. Na sayo gilashin ƙara girma mai mariƙi, ya ce Allah ya ba ni masu yi mini. Taragun suka ci gaba da baƙi. Na kira matata na gaya mata. Ta ce, "Ni zan faɗa wa Baba? Ni da ko amsa mini gaisuwa da ƙyar yake yi? Kai da kake ganinsa kullum ka lallaɓa ka faɗa masa mana." Na ce ta gaya wa mahaifiyarta. Mahaifiyar ta aiko da garin wani ganye a sha da nono, da saƙon cewa a yi ta addu'a.

Har wani ɗalibi na ɗauko, mutumin Maraɗi, mai karatun fiƙihu a jami'a, mutum mai iyali da gemu, wanda Baba ke girmamawa. A mota na yi masa bayani tiryan-tiryan, ya ce ai nasiha wajibi ce, ya jawo mini hadisi da Larabci. Muka shiga, aka gaisa, Baba ya ɗauko sabon tankin man da ya gama, wanda ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ya miƙa masa. Malamin ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, "Masha Allah, tabarakallah." Ya ci dabino uku, ya sha gahawa, ya yi addu'a muka shafa. Da muka fito ya ce mini, "Wallahi dattijon yana da kwarjini." Na mayar da shi gidansa, ba ni da bakin zarginsa.

Haka muka ci shekara guda da wata biyu. Kowane tarago ya gama sai ya miƙo wajen taga ya tambaya, ni kuma in ba shi amsar da na saba. Na lura ya fara jinkiri kafin ya janye hannun, kamar yana jiran in ƙara wani abu. Ban taɓa ƙarawa ba. Juma'a ta zama ranar da nake jin tsoro tun daga Laraba. Wani lokaci in ƙirƙiri aikin kamfani in fita, in je in zauna cikin mota a inuwar wata gada ina sauraron rediyo, sai an kusa magariba in dawo. In na dawo sai in tarar ya ajiye taragon a kan jarida bai kai kanta ba, yana jirana.

Wanda ya faɗa a ƙarshe mudir ɗinsu ne, wani Bamisire mai faɗa da saurin huce. Baba ya manna tagogin hawa uku na wani dogon ginin roba a karkace, mudir ya zo ya gani, ya ɗaga hannu ta gefen fuskar Baba ya ce yatsu nawa ne. Baba bai ma san an ɗaga hannu ba. Ɗan Filifin ɗin ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce mudir bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ya ammi, ba ka gani. Yalla, mustashfa." Ya sa shi a motarsa ya kai shi asibiti da kansa. Abin da na kasa a wata goma sha huɗu, mutumin ya yi shi kafin shayinsa ya huce.

Aka kira ni ina sauke tayil a arewacin gari, na bar motar na shiga jirgin metiro na taho. Na same shi zaune a kujerar likita, an ɗiga masa magani idanun sun buɗe, hularsa a kan gwiwa. Ban taɓa ganin kansa ba hula ba sai ranar. Likitan ya ce hawan jinin ido ne, ciwon da ba ya zafi, yana cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya. Ya ce na hagu ya tafi, na dama saura kaɗan, dishi-dishi. Na tambaya ko akwai aiki da za a yi. Ya ce za a yi abin da za a yi don a tsare ɗan abin da ya rage, amma abin da ya tafi ba ya dawowa, kuma da an zo da wuri, maganin ɗigawa safe da yamma kan riƙe shi shekaru. Sannan ya juyo gare ni.

"Kai ne kake zaune da shi?"

Na ce ni ne.

"Ba ka lura da komai ba?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ni ko a ranar ban samu na yi magana ba, don Baba ne ya riga ni. Ya ce da Larabcinsa na wurin aiki, "Shi direba ne, duktur. Aiki ya yi masa yawa, ba ya zama gida." Likitan ya gyaɗa kai ya koma kan takardarsa. Da Baba ya zage ni a gaban likitan da ya fi mini sauƙi.

Sauran abin bai ɗauki lokaci ba. Ba wanda ya cuce shi. Mudir ya riƙe shi wata biyu yana ba shi aikin shirya kwalaye, amma shagon ƙera ƙananan abubuwa ba shi da wurin mutumin da ba ya ganin bakin reza, kuma Baba da kansa ya ce ba zai ci albashin tausayi ba. Kafil ɗinsa, wato wanda ikamarsa take ƙarƙashin sunansa, ya buga masa takardar fita ta ƙarshe. Na riƙa ɗiga masa magani safe da yamma, yana kwantar da kai a jikin kujera, ina riƙe fatar idonsa da yatsa. Bai sake shimfiɗa jarida ba, bai kuma ce mini komai game da abin da ya faru ba. Ina ta jira ya ce, ya ƙi cewa, har na fara tunanin ko da gaske ya yarda ban lura ba.

Juma'ar ƙarshe, jirginsa na ran Lahadi, muka dawo daga masallaci ina riƙe da gwiwar hannunsa. Na riga na ɗaure akwatuna. Taragu kaɗai suka rage, na tanadi kwali da tsofaffin safuna da zan zura kowanne a ciki. Na ɗauko na farko zan naɗe, sai ya ce, "Dakata, Malam. Kai ni wurin kantar."

Na kai shi. Ya laluba ya samu na ƙarshe a jeren, ya tsaya da hannunsa a kai.

"Wanne ne na farko da ka ga ya ɓaci?"

Ko a lokacin, da komai ya riga ya lalace, halina bai bar ni ba. Na ƙirga uku daga ƙarshe, na ɗauki hannunsa na ɗora a kai, na ce, "Ina jin wannan ne, Baba."

Ya ɗauke shi ya bi jikinsa da babban yatsa a hankali, daga rufi zuwa ƙasa. Fenti in ya yi kauri yana cike layukan katako, ya binne kawunan ƙusa, yatsa yana jin haka ko ido bai gani ba. Ya mayar da shi. Ya ɗauki na huɗu ya shafa, ya mayar. Na biyar. Na shida. Ina tsaye ina jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki da kiran wani mai sayar da gas a titi, yana ta komawa baya ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya kai na goma sha biyu sai yatsansa ya tsaya a kan layin ƙusoshi, ya bi su har ƙarshe, suna nan tas kowace da kanta. Ya ajiye shi, ya dawo kan na goma sha ɗaya.

"Wannan ne," ya ce. "Na shanu. Ranar da aka yi ruwa."

Na ce, "Shi ne, Baba."

"Ka ce ya yi kyau."

"Na ce."

Ya laluba kujera ya zauna, taragon yana hannunsa. Ni kuma na durƙusa inda na saba. Da ya fara magana, muryarsa ba ta da faɗa ko kaɗan, irin muryar da yake bayanin hanyar tsatsa ce.

"Ranar nan na shafa, na duba, ban ga komai ba. Na ƙara, ban gani ba. Sai tsoro ya kama ni. Na ce bari in tambayi Malam, idonsa sabo ne, in ya ce ya yi yawa, gobe Asabar in tafi asibiti. Sai ka ce ya yi kyau. Na ce alhamdu lillahi, ashe hadari ne." Ya juya taragon a hannunsa. "Tun daga ranar ba yabo nake nema ba in na tambaye ka. Ni da na yi shekara goma sha tara ina duba taragu, me zan yi da yabo? Idona nake tambaya. Duk wanda na gama sai in ce wannan karon in ya ce da gyara, zan je. In ka ce ya yi kyau, sai in ɗaga zuwa na gaba."

Na ce, "Baba, ka yafe mini. Kunya ce."

"Na sani," ya ce. "Ni ma na ji muryarka ba ta fita daidai. Sau nawa na so in ce, Malam, tsakaninka da Allah? Sai in ga kamar zan ce wa mijin 'yata maƙaryaci. Sai in yi shiru."

Na yi kuka a gabansa, abin da ban taɓa zaton zan yi ba, na kasa ma tashi in shige ɗaki. Bai ce in daina ba, bai kuma ce ba komai ba, don ba mai faɗar abin da ba haka yake ba ne. Ya bar ni har na gaji. An fara kiran la'asar a masallacin bayan gida lokacin da ya miƙo mini taragon, ya ɗan kauce daga inda nake, na matsa na karɓa.

"Naɗe sauran ka sa a kwali, in kai wa yaranka," ya ce. "Sha ɗayan nan ka bar su a nan wurinka. Kada su ɗauka haka aikin kakansu yake."

Na ce, "To, Baba."